Irin Kuɓewar Iya Dumbulwa

Maiwada maƙwabcinmu ne a unguwar Harra ta Yamma a Madina, mutum mai kunya, ba ya son ɓata ran kowa. Wannan halin ne ma ya jawo masa abin da ya same shi.

Lokacin da aka fara gina matatun mai a Yanbu, ya samu aiki a filin da Turawan kamfani suke wasan golf ran Alhamis da Juma'a, ranakun hutu. Filin ba ciyawa ko ɗaya. Rairayi ne ake kwaɓawa da baƙin mai a shimfiɗa kewaye da kowane rami, don kada iska ta kwashe. In Bature ya buga ƙwallonsa ya wuce, Maiwada ya ja guntun kafet ya share sawun. Shi ke nan aikin.

Mahaifiyarsa, Iya Dumbulwa, 'yar manoma ce, idonta ya mutu. Da ta tambaye shi aikinsa, sai ya ji nauyin ya ce sawun mutane yake sharewa. Ya ce, "Lambu nake kula wa Turawa, Iya, a bakin teku."

Tsohuwa ta yi murna. Akwai wata jar kuɓewa gajera da uwarta ta ƙullo irinta daga ƙasar Gobir, ta shuka a Sudan, ita kuma Iya ta kawo Madina tana renonta a gwangwanaye bisa soro, har makanta ta hana ta hawa. Ta kwance ƙullin gaba ɗaya ta damƙa masa.

"Ga shi, tun da Allah ya ba ka ƙasa. Kada ka cika mata ruwa."

Ya karɓa. Ya shuka a bayan rumfar da ake ajiye durom ɗin mai. Ƙasar gishiri ce. Wasu suka tsiro suka ƙone, ya sake zuba sauran, su ma haka. Duk Asabar in ya dawo ta tambaya, ya ce, "Tana nan tana fure."

Wata Alhamis 'yan unguwa muka ɗauki mota zuwa Yanbu shan iskar teku, kamar yadda mutanen Madina suka fara yi a shekarun nan. Iya ta ce ƙafarta ƙafarmu. Matar Maiwada, Innayatu, ta ce hanya da nisa.

"Ke, na keto Sudan a ƙafa, mota ce za ta kashe ni? Yalla mu je, kama ni."

Muka tsaya Badar muka sayi dabino, muka isa da hantsi. Maiwada na jan kafet ya hango mu bakin shinge, ya sandare. Ya iso yana goge hannu a riga.

"Iya, sannu da hanya. Mu je bakin ruwa, nan akwai rana."

"Ruwa na gani har na gaji. Kai ni wajen kuɓewata."

Ya riƙe hannunta, suka yi ta tafiya a hankali, don ba shi da inda zai kai ta. Can ta tsaya da kanta, ta durƙusa, ta damƙi ƙasa ta sunsuna. Wani Bature ya tsaya daga nesa yana jira a ba shi wuri.

"Maiwada, wannan ƙasar ko ƙaya ba za ta fito ba."

"Haka ne, Iya."

"Saura nawa a ƙullin?"

"Babu saura, Iya."

"Da ka ce mini ba ka da wuri, ai da na ba Fatna. Tana da gwangwanaye." Fatna ƙanwarsa ce. Iya ba ta ɗaga murya ba, ta miƙa masa hannu kawai ya tashe ta.

A bakin teku yara suka yi ta wasa, ita ta zauna ta ba ruwa baya. Ba ta sake ta da maganar ba, kuma abin da ya fi cin Maiwada ke nan.

Bai daɗe ba ya bar Yanbu, ya koma aikin gonar dabino a Badar. Duk lokacin Hajji sai ya bi masaukan alhazan Sakkwato da Maraɗi yana tambayar jar kuɓewa gajera. An sha kawo masa iri. Ya shuka, ya kai wa Iya, ta shafa, ta ɗanɗana, ta ce, "Allah ya yi albarka, amma ba ita ba ce." Har ta rasu bai samo ba. Bayan rasuwar ya daina tambaya, don ko an kawo ba wanda zai gane ta.