Rijiyar da Aka Raba da Hanyarta

Kalib Andarawus haifaffen Akokan ne, kusa da Arlit, ɗan wani direba da ya taso daga Maradi ya zo jigilar ma'aikatan uraniyom. Uban ya san hanyoyin Arlit da taya, ɗan kuwa a ordinata, wato kwamfuta, ya san su. Shekara goma sha ɗaya yana zana taswira a wani ɗan buro, wato ofis, ranar Lahadi kuma shi ke kaɗa ganga a majami'a. Mutum ne mai tsantseni, layi ya ɗan karkace sai ka ji tsaki.

Bara aka tura shi Dannet ya auno wuraren makiyaya. Wani kamfani ne zai kafa shinge, ya kuma yi alkawarin duk abin da ke cikin taswira ba zai taɓa ba. Wani dattijo mai raƙuma, Amastan, ya kwana uku yana zagayawa da shi: ga rijiya, ga burtalin da dabbobi ke bi, ga kwarin da suke kiwo.

"Duka sunansa guda, yarona," in ji tsohon. "Rubuta shi guda."

To, irin fayil ɗin da kamfanin ya nema tsohon yayi ne mai shegen taurin kai. In ya ɗauki ɗigo ba ya ɗaukar layi, in ya ɗauki layi ba ya ɗaukar fili. Kalib ya ce wa shugabansa akwai sabon tsari mai haɗa su duka. Gogan ko kai bai ɗaga ba. "Ba su abin da suka saba."

Haka ya yanka wurin kashi uku kamar mahauci, rijiya a fayil ɗin ɗigo, burtali a na layi, kwari a na fili, ransa a ɓace, ya aika. Wanda ya karɓa a kamfanin, don tsabar lalaci, ya ga suna iri ɗaya, ya buɗe na ɗigo kaɗai.

Da Kalib ya koma Dannet, ya tarar an kafa shingen. An cika alkawari fa! Ga rijiya lafiya lau, an bar mata taku goma kowane gefe, waya ta kewaye ta ruf. Raƙuma na tsaye a waje suna miƙa wuya.

"Ba ka rubuta hanya ba?" Amastan ya tambaye shi.

"Na rubuta, Baba."

"Ina take?"

"Tana cikin wani fayil."

Kalib shi kansa ya ji ƙyamar bakinsa. Tsohon ya kaɗa raƙumansa ya nufi rijiya ta gaba, tafiyar kwana biyu.