Garinmu a Ƙasan Shafi

Ina karatun shari'a a Birmingham na rubuta babi kan rawar da Birtaniya ta taka wajen kafa kotun da ta hukunta 'yan Nazi. A ciki na saka labarin da kakata ta ba ni, yadda sojojin Birtaniyar suka ƙone garinmu, suka harbe kakanta a bakin rijiya.

Malamin da ke duba aikina ya yi murmushi, ya tambaye ni inda aka buga maganar kakata. Na ce ba ta iya rubutu ba. Ya ce in mai da labarin ƙasan shafi.

Na mayar. Da babin ya yi tsawo, ni da hannuna na goge shi, ina cin tuwo a ɗakina na Sparkhill. Aka yaba aikin ƙwarai.