Ladabin da Muka Yi wa Am Lazhar

A kwance aka hau mana dutse da Am Lazhar, wato Baffa Lazhar, a kujerar baya ta motar haya, kansa a cinyar mijin 'yarsa. Ni Shadliya, da kowa ke ce wa Halti, wato inna, da idona na ga saukarsa, don tanderuna a bakin ƙofar gidan magani yake, nan nake gasa gurasa tun kafin a yi wa hanyar kwalta. Dogo ne, mai duhun fata irin na mutanen kudu, da farin gashin baki. Leɓɓansa sun yi shuɗi. Daga mota zuwa ƙofa ba wata tafiya ba ce, amma sai da ya tsaya ya dafa bango, ƙirjinsa na kuka har inda nake. Na ce a raina, wannan kam gawa aka kawo mana.

Mutumin Radayif ne, can inda ake haƙo dutsen da ake yin takin zamani da shi. Tun yana saurayi yake shiga rami, har ƙurar dutsen ta zauna masa a huhu ta ƙi fita. Ba tarin fuka ba ne, ba ya kama kowa. Iska ce kawai ta daina isarsa.

Aka yi masa abin da ake yi wa kowa. Da sassafe ya shiga ɗakin tururi, ya kafa fuska a bakin mazurari ya shaƙi tururin ruwan nan namu mai zafi da ke ɓulɓulowa daga ƙasa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda baƙi ke toshe wa hanci, mu kuwa ko jinsa ba ma yi. Ya kurkure maƙogwaro da shi, a wanke masa hanci da shi. A kwantar da shi rub-da-ciki a bubbuga masa baya har kaki ya taso. Daga nan a naɗe shi cikin bargo a shimfiɗe a baranda, fuskarsa na kallon daji, babu motsi babu magana har rana ta ɗaga. Kafin wata ya ƙare, mutumin da aka shigo da shi ranga-ranga yana takowa da ƙafarsa har tanderuna.

Ya koma gida, bai daɗe ba aka sake kawo shi, ya fi na farko lalacewa. Likita Nabiha, wadda ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta gaya masa gaskiya: huhunsa ya gama da kudu. In yana son kwana ya ƙaru, sai dai ya zauna a nan sama, inda iska ke da sanyi da laima, kusa da ruwan. Matarsa ta riga ta rasu. 'Yarsa guda ce, tana can Radayif da miji da yara. Sai ya kama ɗaki a bayan shagon shayin Hamadi, ya zama namu.

To mu a nan muna da tarbiyya ɗaya da muka gada, kuma ba na jin kunyarta. Mai ciwon ƙirji ba a sa shi magana. In ka haɗu da shi a hanya, ka ɗora hannu a ƙirji, ka sunkuyar da kai, ka wuce. Ba ka tambayarsa yadda ya kwana, don in ka tambaya dole ya amsa, amsar kuma da numfashi ake yin ta. Ba ka ba shi dariya, don dariya tari take zama, tari kuma wani lokacin da jini yake zuwa. Kakata ta ga mutum ya faɗi matacce a tsakiyar raha. Ni kaina na sha mari a hannun uwata ina yarinya, don na tambayi wata baƙuwa sunan garinsu. Masu zuwa magani su yi 'yan makonninsu su tafi, yabon mu suke yi. Suna cewa ba su taɓa ganin gari mai hankali irin namu ba.

Haka muka riƙe Am Lazhar. In ya shigo shagon Hamadi, masu karta su kashe sigari, su sassauta murya, a ja masa kujera bakin taga, nesa da hayaƙin gawayi, nesa da kowa. Shayinsa na zuwa kafin ya nema. Tun da farko yakan gwada jan hira.

"Yau kam sanyin nan..."

"Huta abinka, Am Lazhar," in ji Hamadi, yana ɗaga masa hannu. "Kada ka wahalar da kanka, mun gane."

Ranar Juma'a, in an fito masallaci, kowa ya dafa ƙirji ya wuce shi. Da Sallah a aika masa kuskus da nama, yaro ya ajiye a bakin ƙofa ya juya, don kada ya sha wahalar godiya. Babu abin da ya rasa, wallahi. Itacen wuta, man zaitun, zuma, duk ana kai masa. Kar wanda ya ce mugunta muka yi.

Akwai wani benci ƙarƙashin babbar bishiya, daura da tanderuna. Nan yake yini bayan ya fito daga tururi, sandarsa tsakanin gwiwoyi, yana kallon masu wucewa. Da bazara akwai abin kallo, gari cike da baƙi. Amma in sanyi ya shigo, baƙi sun watse, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, sai garin ya zama mu kaɗai, kowa a ƙunshe a gidansa. Shi kuwa yana nan a bencin cikin alkyabbarsa ta gashi. Wata rana na hango shi ya tsaya wurin jakin Hamadi, bakinsa na motsi, har yana nuni da hannu. Ya ba ni tausayi ƙwarai. Na ce wa maƙwabciyata, ciwon ya fara taɓa masa kai.

Shekaru suka tafi a haka. Ƙirjinsa ya lafa, har ya yi ɗan kumatu.

Sai a farkon wata bazara motar hayar Munsif, direban garinmu, ta sauke wani gajeren tsoho mai ƙaton ciki, shi ma daga ramukan kudu, ana ce masa Balgasim. Yana sauka ya hango benci. Ya ajiye jaka a tsakiyar titi ya riƙe ƙugu.

"Kai, ɗan banza, ashe ba ka mutu ba?"

Gurasa ta kusa suɓuce mini. Am Lazhar ya miƙe, sandar ta faɗi bai kula ba.

"Ina zan mutu in bar ka kana cinye abincin duniya? Dubi cikinka. Wata nawa ne, mu shirya suna?"

"Ciki na masu mata ne. Kai da aka jefar da kai kan dutse kamar tsohon akuya, wa zai dafa maka?"

"Akuya dai ta fi ka iya hawa. Na ga yadda motar ke nishi da ta ɗauko ka."

Suka rungume juna suna dukan baya. Ranar na fara jin muryar Am Lazhar sosai, murya mai kauri, mai daɗi, tana cika titi. Suka zauna a bencin, wannan ya jefa wancan ya cafe: wane ya mutu, wane ya ƙara aure, wane har yau bai iya ɗaura wando ba. Am Lazhar ya kwaikwayi tafiyar wani shugabansu na rami, Balgasim ya tuntsire har hularsa ta faɗi. Sai dariyar ta juye. Tari ya turnuƙe Am Lazhar, ya durƙusa, fuskarsa ta yi baƙi, hannunsa na lalube a ƙasa. Da gudu aka fito da shi daga hannun abokinsa aka shige ciki. Sai da ya kwana a gadon gidan magani da robar iska a hanci.

Washegari Balgasim ya zo sayen gurasa, na tare shi.

"Kai wane irin tsoho ne mara kan gado? Shekara da shekaru muna lallaɓa mutum, ka zo rana ɗaya za ka kashe mana shi. In surutu ka zo yi, ga kasuwa can. Mutumin nan ba ya son hayaniya."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

"Wa? Lazhar? Halti Shadliya, Rediyo fa muke ce masa. A cikin rami, fitila ta mutu, ba ma tsoro in dai yana nan, don bakinsa ba ya mutuwa. Biki ba ya yin biki a Radayif sai an zaunar da shi a tsakiya."

"Wannan da ne," na ce. "Yanzu mara lafiya ne. Karɓi gurasarka ka gusa, kana tare mini iska."

Gari ya ɗauki mataki, kuma kowa ya ga daidai ne. Masu aikin ɗakin tururi suka raba musu lokaci, ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Hamadi ya ja Balgasim gefe ya roƙe shi don Allah ya riƙa shan shayinsa a wani shagon. Shi ma Balgasim abin ya tsorata shi, ya ga abokinsa a durƙushe, ba ya son ya ɗauki alhaki. Sai ya koyi namu. In ya hango Am Lazhar a benci, ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya wuce. Na ga fuskar Am Lazhar ranar farko da abokin ya yi masa haka. Ya bi shi da ido har ya sha kwana.

Da makonnin Balgasim suka cika, ya shiga mota ya tafi. Am Lazhar ya tsaya a inda motar ta tashi har aka kira azahar.

Ba a yi nisa ba labari ya fito daga gidan magani cewa Am Lazhar ya je wurin Likita Nabiha ya ce zai koma gida. Ta ce masa tsananin zafi na tafe, ƙurar can kuma ba ta canja hali ba, in ya sauka ba zai ga wani sanyin ba. Ya ce ya ji. Ta ce ko dai wani ya ɓata masa rai ne? Ya ce a'a, bai taɓa zama da mutanen kirki irin waɗannan ba.

Hankalin gari ya tashi. Aka taru a shagon Hamadi ana tambayar juna inda muka gaza. Wani ya ce ɗakin ne akwai danshi, aka je aka gyara rufin. Wani ya ce abinci ne, mata suka raba kwanaki. Aka kai sabon bargo, aka kai tulun zuma, ni ma na kai gurasa mai riɗi. Duk a bakin ƙofa aka jere su, babu wanda ya ƙwanƙwasa. Hamadi ya hana karta gaba ɗaya in Am Lazhar na shagon, don ya ƙara samun natsuwa.

Ranar tafiyarsa duk muka fito. Muka jeru a bakin titi, kowa hannu a ƙirji. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, liman ya ɗaga masa hannu cikin ladabi. Sai ya rufe bakin, ya shiga gaban motar Munsif.

Kafin ganye ya fara zuba, wasu baƙi daga kudu suka kawo labarin rasuwarsa. Sun ce a ƙofar gidan 'yarsa ya cika, da yamma, mutane zagaye da shi. A shagon Hamadi aka yi masa addu'a, aka ce Allah ya gani mun yi iya namu, shi ne bai ji magana ba.

Da safe Munsif direba ya zo tanderu. Ya karɓi gurasa bai tafi ba, yana ta juya ta a hannu.

"Halti Shadliya, akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kada Hamadi ya ce ni na ƙarasa shi. Ranar da na kai shi garin Janduba, inda zai kama motar kudu, tun daga kwanar farko ya fara magana. Na yi ta ɗaga masa hannu don ya yi shiru, ya ce in na ƙara ɗaga masa hannu sai ya karya shi. Har muka isa bai rufe baki ba. Ya yi tari ya ci gaba. Fasinjoji har hawaye suke don dariya."

"Labarin ramukansu yake ba ku?"

"Labarinku. Babu wanda bai sani ba a garin nan. Ya san wanda ke satar kallon kartar wani, ya san wadda ke fushi da surukarta. Ya yi muryar liman, ya yi tafiyar Hamadi yana zaune."

Na juya gurasa a tanderu, na ce, "Ni me ya ce a kaina?"

Munsif ya sosa ƙeya.

"Ya ce duk garin nan babu wanda ba ki taɓa zaga ba, har liman, har karnuka. Shi kaɗai kika ware. Ya ce kullum da safe da gangan yake taɓa wannan gurasa ya ajiye, ya ɗauki waccan ya matsa ya mayar, ko Allah zai sa ki ce masa tsohon banza."

Yana yi kuwa. Kullum sai ya lugwigwita mini gurasa, zagin ya zo mini har baki, in haɗiye shi ina neman lada.

Na ce wa Munsif ya kwashi tsiyarsa ya ba ni wuri, fasinja na jiransa. Da ya tafi na zauna a kan buhun gari ina kallon bencin. Babu kowa a titi.

"Tsohon banza," na ce. "Da ka yi magana mana."