Takko da Rigar Ɗan Fari

A zuri'armu ta Woɗaɓe da ke kai da komo tsakanin Abalak da Ingal, in aka ce allura, Takko ake nufi. Matar yayana Dula ce. Ni Pendo, ƙanwar mijinta, shekara talatin muna sauke kaya wuri ɗaya, muna ɗaurawa rana ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, na sha jin haushinta. Doguwa ce siririya, mai tsadar magana har ta ba ka takaici. Ka yi mata tambaya da hantsi, sai rana ta karkata ka ji amsa. Amma miƙa mata baƙin ƙyalle da zare ka koma gefe. Za ta naɗe ƙafa a gindin gadonta, ba alli ba awo, ta fitar maka da idon saniya, da sawun zabuwa, da hanya mai lauje-lauje, da dangwalin da muke ɗaure maruƙa har da madaukansa, layi bisa layi, ko ɗaya bai hau ɗan'uwansa ba. Sau ɗaya na gwada a gabanta. Ta juya ƙyallen ta ce, "Pendo, jaki ne ya bi ta nan?" Tun ranar na bar mata.

'Ya'yanta maza biyu ne suka rayu. Kabo, ƙaramin, shi ne ɗan gata: ta kira sunansa, ta zage shi, ta yi masa kitso, ta ɓoye masa man shanu. Babban kuwa, Gorjo, ɗan fari ne, uwata ce ta goye shi. Takko ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa miƙa masa ƙwarya hannu da hannu ba. Haka aka yi mana, haka muka yi, macen da ta nuna son ɗan fari a gaban mutane ta zubar da kanta. Sai dai kowace uwa tana da 'yar hanyar da take zagayawa. Wata ta ba dangi saƙo, wata ta yi magana da saniya alhali yaron na tsaye yana ji. Takko ko wannan ba ta yi.

Shekarar da rani ya ƙi ƙarewa, shanu suka dinga kwanciya ba tashi. Na Gorjo, waɗanda aka ba shi tun ranar suna, suka ƙare sai karsana ɗaya. Da damina ta sauka a makare, samari suka fara zancen ramukan zinariya can arewa da Agadas. Mun ga waɗanda suka je. Wasu sun dawo da tari mai jini, wasu ko takalminsu ba a kawo ba.

Wata rana a bakin tafki Gorjo ya ɗora mini salka a kan jaki, ya ce, "Goggo, ana watse taron kaka zan bi mota."

"Za ka bi uwar mota! Wa za ka bar wa karsanar?"

"Kabo. Wa zai yi kewata? Ke kaɗai, ke ma don ina ɗora miki ruwa ne."

"Uwarka fa, marar kunya?"

Ya yi wata dariya da ba ta yi mini daɗi ba. "Ai tana da ɗa."

Na san yaron nan. Talauci bai isa ya kore shi ba, mun ga wanda ya fi wannan mun zauna. Kalma ɗaya daga wajen uwarsa ta isa ta ɗaure shi. Da na koma na tarar da Takko tana kaɗa nono, na tsaya kusa da ita na faɗa wa turmi duk abin da aka ce. Ba ta ɗago ba. Sai ranar kasuwa ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Raka ni Abalak. Idona ya fara yi mini gardama." Ranar na duba da kyau, na ga farar yana ta fara hawa ƙwayar idonta, duka biyun.

Mai zaren da take saye a wurinsa wani Ba'adare ne, Na'Allah, bakinsa ba ya hutawa. Yana hango mu ya dafe kai.

"Wayyo, ga Fulanin wahala! Yau kuma wane launi ne Allah bai halitta ba za a ce in kawo?"

Na ce, "Kai kaɗo, zubo zare ka bar surutu."

Ya zube su a tabarma, ya fara tura mata wani kore shar mai ƙyalli. Ta kai shi dab da ido, ta ajiye.

"Kore ya wuce. Ciyawa ta juya."

Abin da take so launin daji ne a kwanakin nan da ruwa ke ɗaukewa, lokacin da shanu suka ƙoshi, ba wanda ke tunanin zuwa ko'ina. Ta nemi rawaya, amma ba ta ɗorawa ba, irin ta ciyawar da ta fara bushewa daga sama gindinta da sauran laima. Ta nemi ruwan goro, da fari kaɗan. Kowane ƙulli sai ta fita da shi rana, ta ce in faɗa mata gaskiyar abin da na gani, sannan ta lasa bakin zaren ta goga a farin gefen mayafina. Ɗaya ya bar tabo. Ta miƙa wa Na'Allah, shi ya hau rantsuwa shi kaɗai.

Ja ne ya ba mu wuya. Ya kawo na tattasai ta ƙi, ya kawo ruwan hanta ta ƙi.

"Baiwar Allah, ja ai ja ne!"

"Na shanunmu nake so."

Ta kwashi ƙulli huɗu ta ja ni har kara, kasuwar shanu, Na'Allah na biye da mu yana ihun an gudu da kayansa. Ta sami wata jar saniya mai manyan ƙaho, ta ɗora zaren ɗaya bayan ɗaya a haƙarƙarinta. A na uku na ce, "Tsaya. Wannan ya ɓace a jikinta." Shi ta ɗauka. A hanya na tambaye ta rigar wa za a yi. Ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na ji kamar in ture ta daga kan jaki.

Ba sai ta faɗa ba. Ranar da ta yanka ƙyallen na gane. Kabo gajere ne kamar ubansa, Gorjo kuwa tsayinta ya ɗauko, ita kuma ta yanka doguwa har ta wuce tsayin gado.

Kwana arba'in ta yi a kanta. Ni ke zura mata allura, don ba ta ganin kafar. Ta jera dangwali a ƙirji da ɗinkin sarƙa, ƙanana ƙwarai, da jan nan, ta cika madaukan da fari. Ƙasa da shi ta zuba idon saniya da ruwan goro, ta kewaye da ɗinki mai reshe-reshe na rawaya, kamar ciyawa ta kwanta. Abin da ido ya kasa, yatsa ke yi: ta shafa layi, in ta ji ɗinki ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo, ta warware tun daga farko. Kan yatsunta duk ya huje. Na ce mata, "Ina hanya mai lauje? Ai ita aka san ki da ita." Ta ce, "Ba hanya a rigar nan."

Yadda ake yi sananne ne. Za ta ba ni, in kai wa Gorjo, in ce ga wannan, ba wanda zai tambayi daga ina, kowa kuma ya sani. Sau uku ina cewa ta kawo.

"Ba ta ƙare ba."

"Adda Takko, me ya rage? Ko ƙuda ba zai sami wurin sauka ba!"

"Ba ta ƙare ba."

Tsoro take ji, wallahi tsoro ne. Mace mai shekara hamsin tana tsoron rigar da ta ɗinka da hannunta.

Ranar taro ta zo. Mata suka fito da ƙorai suka jera a kan gadaje don a zo a gani, samari na can yamma da dangwali suna shafa jar ƙasa a fuska, suna shirin rawa. Takko ta ninke rigar ta ajiye a kan gadonta, ta yi mini ido, wato in rana ta yi sanyi in ɗauka. Tsofaffin matan zuri'a suna zagayawa suna duba ƙorai, suka iso wurinmu. Daidai nan Kabo ya faɗo neman madubi, fuska rabi a shafe. Ya ga rigar, ya warware ta a gaban kowa. Tsofaffin nan suka yi salati.

"Inna! Tawa ce?"

Gorjo na tsaye a tsallaken dangwali, taku goma bai kai ba, da gashin jimina a hannunsa. Ya ji. Kowa ya ji.

Abin da za ta ce kawai shi ne ajiye, ba taka ba ce. Amma 'ya'ya biyu gare ta, in ba ta wannan ba ce, ta wa ce? Faɗin haka a gaban surukai daidai yake da ta tsaya tsakiyar taro ta ce ina son ɗan farina. Ta sunkuyar da kai. Ni ma, mai bakin nan da ba wanda ya tsira daga gare shi, na buɗe shi na ga idon wata tsohuwa a kaina, na rufe. Tir da ni.

Kabo ya zura riga ya fita da gudu, bakinta na sharar ƙasa. Ya yi rawa a cikinta, 'yan mata suka zaɓe shi. Gorjo ya ba wani gashin jiminarsa, ya wanke fuska, ya tafi wajen karsanarsa.

Washegari da safe aka ce ya kama hanyar Ingal. Na hau jaki na bi shi, ban ko ɗaura ɗankwali da kyau ba. Na same shi a tasha, can saman babbar mota, a kan jarkokin ruwa, cikin samari sun fi hamsin.

"Gorjo! Sauko! Rigar nan taka ce. Na rantse da Allah taka ce, ni na zura allurar!"

"Na sani, Goggo. Makaho ma ya ga tana jan ƙasa a jikin Kabo."

"To me kake nema kuma, ɗan banza?"

Ya sunkuyo, ya dube ni sosai. Ya riga ya sa ƙafa ɗaya a kan ƙarfen gefen motar.

"Ita ta aiko ki?"

Na tsaya. Ban san abin da ya riƙe mini harshe ba. Numfashi biyu ne kawai, amma ya gani. Ya janye ƙafarsa.

"To kin gani. Ki gaida gida, Goggo."

Yau kaka bakwai ba wanda ya kawo labarinsa, mai daɗi ko marar daɗi. Idon Takko ya rufe gaba ɗaya a shekara ta biyu, yanzu jikanyarta ke ja mata sanda in za mu tashi. Sau ɗaya tak muka taɓa yin maganar, ranar da na dawo daga Ingal. Na same ta tana tatsa. Ban faɗa wa turmi ba, ban faɗa wa saniya ba, ita na faɗa wa, da ƙarfi, ina kuka. Na ce ya san tasa ce, na ce abu ɗaya ya tambaya, ko ke kika aike ni.

Hannunta ya tsaya a kan hantsar. 

"Me kika ce masa?"

"Ban ce komai ba."

Ta juyo da fuskarta wajena, hawaye na bin tsagen kumatunta, ba ta share ba.

"Haba Pendo. Ke da ƙarya ba ta taɓa yi miki wuya ba."