Muryar da Na Ɓoye a Rediyon Inna

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son a kira ni sai ta ce "wancan", idonta a kan tukunya. Ba ta zama inda nake, ba ta dariya a gabana. Kowa a Gummi ya san kunyar ɗan fari ce, ni ma na sani, ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. Sai dai akwai abin da ke ci mini rai: ni ne mai ban dariyar gidanmu, kuma mutum ɗaya da na fi so in sa dariya ban taɓa sa ta ba.

Tun ina ƙarami na haddace wani tsoho da ke fitowa a wasan kwaikwayon talabijin, mai ƙaton rawani da keke marar birki. Kullum sai ya je raba rigimar da ba a gayyace shi ba, ya dawo da tasa. A gidan maƙwabta muke kallonsa, a akwati marar launi da ake haɗa wa batirin mota. Washegari sai in naɗa zanen gwaggo a ka in kwaikwaye shi a tsakar gida. Baba ya yi dariya har ya ƙware, gwaggo ta riƙe ciki. Inna kuwa, da na buɗe baki sai ta tuna ta bar abu a wuta.

Na girma, aka ba ni aikin koyarwa a Anka, daidai lokacin da memori ya shigo gari. A bakin kasuwa akwai wani mai cajin waya da ke tura wa mutane waƙoƙi da finafinai daga kwamfutarsa. Ni da masu haƙar zinare muka fi damunsa. Su finafinan faɗa suke so, ni kuwa kome ya samu ya zuba mini: waƙoƙin soyayya masu fiyano da nake rerawa a kan babur kamar ni aka yaudara, da finafinan Indiya na fassara, inda mutum ɗaya ke yi wa jarumi magana, ya yi wa budurwa, ya yi wa mugu, doki ma in ya yi haniniya sai ya gaya maka abin da yake nufi. Har yau in na ji irin kiɗan nan, hanyar Bukkuyum nake tunawa, bayan ruwa ya ɗauke.

A kwamfutar nan na tsinci tsohona mai rawani. Na sayi ƙaramin rediyo mai cin memori, na sa aka tura muryar wasannin nasa, na kai gida. Ba a jima ba ƙanwata, wadda ke zaune da Inna, ta kira ni a waya tana ba ni labari. Wai Inna in tana turara shinkafa sai ta ajiye rediyon kan turmi, ta yi ta dariya har da hawaye. Amma duk Asabar ɗin da na zo, da ta ji ƙarar babur ɗina sai rediyo ya yi shiru. Kishin tsohon nan ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba.

Wata rana da aka tashi daga makaranta na kulle kaina a aji, na ɗauki waya na naɗi muryata. Na ƙirƙiro wasa nawa: tsohon ya je bakin gulbi raba mai kifi da mai shinkafa, ya ƙare a cikin ruwa da shi da kekensa, yana rantsuwa dama wanka ya zo yi. Na kai wa mai cajin nan da sabon memori, na ce ya cusa shi na uku a cikin na gaske. Ya saurara sau biyu, ya ce shi kam bai ji bambanci ba.

Ranar Asabar da hantsi na kashe babur tun daga bakin lungu na turo shi. Ƙanwata ta karɓi memorin ta shiga, ni kuma na laɓe a zaure. Ƙato da gemu, wanda ɗalibai ke gani su miƙe tsaye, ga shi durƙushe a bayan ƙofa.

Wasa na farko ya fara, sai na ji dariyar Inna. Ashe siririya ce, tana hawa tana katsewa, ta tsaya ta ce "Allah shi shirye ka" ta sake ɗauka. Na biyu ya wuce. Da aka zo nawa sai tsakar gida ta yi tsit. Na ce shi ke nan, na kunyata kaina. Amma da tsohon ya faɗa ruwa sai dariyar ta ɓarke, ta fi ta baya, har na ji muciya ta faɗi ƙasa. Na zauna daɓas, idona ya cika.

Ƙanwata ba ta iya riƙe magana. Na ji ta ce, "Inna, kin ko san wa ka magana cikin wanga?"

Inna ta ce, "Mi zai hana in sani? Wancan tsoho ba ya tari in za shi yin ƙarya. Wanga tari na gidanga na. Tun shina naɗa zanen gwaggonai nike jin shi daga madahi."

Ban taɓa sanin ina ɗan tari kafin in yi ƙarya ba. Baba bai lura ba, abokaina ba su lura ba. Matar da ke tashi duk sanda na buɗe baki ita ce ta sani.

Sai ta ɗan ɗaga murya. "A ce ma wancan shi bar laɓewa zaure, warin man babur nai ya riga shi shigowa."

Na shiga, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana juya shinkafa, fuskar nan a ɗaure kamar kullum, sai gefen mayafi da ke jiƙe. Lahadi da la'asar lokacin komawa ya yi. Na ɗaura jakata, na tayar da babur, sai na ji tana gaya wa tukunya:

"A ce ma wancan, in za shi dawowa, shi ƙaro na mai tarin."

Na ƙaro, na kuma ci gaba da ƙarowa har aka ɗauke ni daga Anka. Har gobe ba ta taɓa dariya a gabana ba. Ni ma na daina nema. In na zo sai in kashe babur a bakin lungu, in miƙa memori, in nemi wurina a zaure.