Matar da ta hana ni cewa "yanzu"

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai Tanti Bibata makwancinta, Allah ya jiƙanta. 'Ya'yanta sun san ta a matsayin uwa, maƙwabtanta na unguwar Bukoki sun san ta da faɗa a kan shara. Ni kuwa a bayan mashin ɗin buga takardu na san ta, a wani biro, wato ofishin gwamnati, da ke unguwar Filato a Yamai, zamanin da soja ke mulki, fari kuma ya cinye karkara.

Na zo Yamai daga ƙasar Tawa da takardar lakkwal mai kyau, wato shaidar gama makarantar boko, aka ɗauke ni aikin rubuta wasiƙu. Albashina shi ne rumbun gidanmu, domin gona ba ta ba da ko dami ba. Duk wata nakan aika wa mahaifiyata hatsi, ita da ƙannena. Sai dai ina da wata matsala da ni kaina ban san sunanta ba. Na iya aikin sarai, farawa ce ke gagara ta. In ɗauki dosiye guda, wato fayil ɗin takardu, in hango wani, in tuna da na uku, azahar ta yi ban gama ko ɗaya ba. Duk wanda ya tambaye ni takardarsa, amsa ɗaya ce: "Yanzu-yanzu." Kuma wallahi ba ƙarya nake nufi ba.

A wancan zamani ba a wasa da aiki. Hafsan soja kan faɗo biro da safe ba sanarwa, wanda aka samu da sakaci ya tattara nasa ya nasa. Rannan aka gano wasiƙar neman kamiyo, babbar motar kai hatsin agaji, ta kwana tara a ƙarƙashin tulin teburina. Har yau in na tuna waɗanda suka jira hatsin nan, kunya takan rufe ni. Shef, shugaban bironmu, ya ce malalaci ne ni, ya ba ni wata guda: ko in gyaru, ko in koma ƙauye.

Tanti Bibata Bazabarma ce, Hausarta ta kasuwa, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Da shef ya fita sai ta cire agogon hannunta ta ajiye gabana.

"Illa, nuna mini yanzu-yanzu a nan," in ji ta.

Na duba fuskar agogon.

"Ka gani, ba shi ciki. Daga yau ba ka faɗi shi kuma. Ka faɗi ƙarfe."

Ta kwashe dosiyoyin teburina kaf ta kulle a kabad ɗinta, ta miƙo mini guda ɗaya, wai ba a tauna taura biyu. Ta sa na jawo teburina kusa da nata, fuskata ga bango. In na ce zan rubuta rahoto, sai ta ce rahoto babba ne, me hannuna zai fara taɓawa? Haka za ta yi ta matsa mini har in ce zan sa karbon tsakanin takarda biyu. To a yi wannan, kafin ta gama buga shafi. Kayna-kayna, in ji ta, wato kaɗan-kaɗan a Zabarmanci. Ko layi ɗaya ba ta taɓa rubuta mini ba, ko da na marairaice. Na ji haushinta ƙwarai, ƙato da ni ana ba ni aiki loma-loma.

Ranar da watan ya cika shef ya zo ya buɗe kabad ɗin da kansa, ya tarar da shi wayam. Ya dube ni, ya dubi Tanti, ita kuwa ko kai ba ta ɗaga daga mashin ba. Ya juya ya fita, kuma maganar kora ba ta sake tashi ba.

Yau ina jin masana sun ba wannan hali suna, sun ce ƙwaƙwalwar wasu ce ke wahala wajen tsara aiki da kiyaye lokaci, ba lalaci ba ne. Har akwai masu sana'ar horar da irinmu, ana ce musu koci, kamar na 'yan ƙwallo. Da Tanti na nan, na san za ta yi dariya ta ce ashe ta yi asarar sana'a. Amma ina jin ranta zai ɓaci in ta ga wayar da ke hannun jikokinmu, dosiye dubu a tafin hannu, ba kabad ɗin kullewa.

Ban warke ba, kada in yi wa mai karatu ƙarya. Hali zanen dutse ne. Dabara kawai na koya, kuma ita ta riƙe ni a kan wannan kujera har na ajiye aiki da mutuncina.

Hatsi bai taɓa yankewa gidanmu ba har ruwa ya dawo. Mahaifiyata ta rasu tana sa mini albarka, tana gaya wa mutanen gari cewa Allah ya ba ta ɗa mai tsari. Girman kai ya hana ni gyara mata maganar. Ta yi wa kowa addu'a a duniyar nan, har direban da ke kai mata buhu, amma ba ta taɓa jin sunan Bibata ba.