Darasin Biyetnam a Hanyar Sabuwa

Kankara

Ƙarfe huɗu da rabi na farka, na yi sallar asuba, biyar da rabi ina tasha da jakata. Ba kowa sai mai shayi yana hura wuta. Na manta cewa yanzu ba direban da ke hawa hanyar Sheme kafin rana ta ɗaga. Awa biyu na yi a kan benci ina gadin motocin mutane.

Abin da ya fito da ni shi ne Baba Malam, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina maraya. Yana wani ƙauye bayan Sabuwa, gab da daji, inda 'yan bindiga ke shigowa yadda suka ga dama. Tsoro nake ji wata rana a bugo mini waya da mummunan labari. Na gyara masa ɗaki a gidana, na shafa fenti, na sa katifa sabuwa, na ce wa maiɗakina ba zan dawo ba sai da shi. Ni fa malamin tarihi ne a sakandare, da baki nake cin abinci. Tsoho ɗaya ba zai gagare ni ba.

Yankara

Bakwai da rabi muka tashi. Bayan shinge na biyu, da jami'an tsaro suka leƙa suka ce mu wuce, wata Hajiya mai fataucin daddawa ta yi ajiyar zuciya.

“Da za a kawo muna sojan Amurka da jiragensu, sati guda an gama da dajin nan,” in ji ta.

Ai kuwa ta sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Na gyara zama na buɗe aji. Na ba su labarin yadda Amurka ta kwashi sojoji zuwa Biyetnam don kada tsarin gurguzu ya cinye ƙasar, maƙwabta su bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Na ce har manoma aka riƙa kwashewa daga ƙauyukansu, ana tara su a sababbin matsugunai masu shinge, wai don a kare su daga mutanen daji.

“To sun zamna?” direba ya tambaya.

“Ina! Sulalewa suka riƙa yi suna komawa. Duk wanda ya ce zai raba manomi da gonarsa da kaburburan iyayensa, wallahi bai san manomi ba.”

“Hakanan ne. Kai Malam ina za ka?”

“Ƙauye. Babana zan ɗauko in mai da shi gari.”

Mota ta kwashe da dariya, Hajiya har da share hawaye. Ni kuwa na ɗauka daɗin darasin ne, na ƙara musu da minti ashirin.

Faskari zuwa Sabuwa

Goma saura muka shiga Faskari. Na ci waina da miyar taushe a bakin tasha, na jira mota har sha biyu. Hanya ba daɗi, zafin bazara kuma ya taru a ƙeyata. Bayan la'asar na isa Sabuwa, masu babura suka ce ba mai shiga ƙauye sai gobe. Na sauka gidan wani abokin karatuna, na yi ta bitar hujjojina guda bakwai a ƙarƙashin gidan sauro.

Ƙauye

Washegari takwas na hau babur, tara saura kwata muna ƙofar gida. Baba Malam na zaune a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi. Na sha fura, sannan na jero hujjoji: asibiti kusa, masallaci kusa, ɗaki mai fenti, barci da ido biyu rufe. Bai katse ni ba.

“Ka gama?” ya ce.

“Saura uku, Baba.”

“Aje su. Shekarar da ka gamo kwaleji, ba nan zauren ka tara mu ba, ka hana mu zuwa gona, kana ba mu labarin wasu manoman shinkafa da Turawa suka kwashe suka sa cikin shinge? Mi ka ce ma wanda ya yi masu haka?”

Na sunkuyar da kai. A lokacin ne na gane dariyar jiya.

“Baba, ni ba don mulki nike yi ba. Tsoro nike ji.”

“Na sani. Su ma ai cewa suka yi kariya ce. Ni ma ina jin tsoron, ɗana. Amma hadari ya fara haɗowa, na share gona, ubanka kuma shina kwance bayan garin nan. In na tashi, wa za shi shuka?”

Ya miƙe ya shiga ciki, ya fito da ɗaurin zangarniyar dawa, irin da yake zaɓa tun a gona ya rataya inda hayaƙi ke bugu. Ya raba biyu, ya miƙo mini rabi.

“Irin kakanka ne. In an ƙone rumbu, ko in ba ni, kada shi ɓace. Shi za ka kai ɗakin nan mai fenti. Tashi ka kama hanya tun da rana.”

Gida

Sha ɗaya na baro ƙauyen. Daga Sabuwa har Kankara ban koya wa kowa komai ba. Shida saura muka shigo gari. Maiɗakina ta fito da murna, ta leƙa bayana, ta dubi abin da na rungumo, ba ta tambaye ni ba. Ta kawo ƙusa, na hau kujera na rataya dawar a saman katifar da ba wanda ya kwanta a kai.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa abokina da ya ba ni masauki, da Hajiya mai daddawa da ta yi mini dariya tun ban san dalili ba. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Baba Malam a addu'a. Jiya an yi ruwan shuka, ya bugo ya ce yana gona.